Gidan-Gaba Ya Zaɓi Taga

Gidan-Gaba ba sunansa na yanka ba ne. A tashar mota ya samo shi. Can ya ƙare ƙuruciyarsa yana lodin fasinja, kuma shi ke yanke hukuncin wanda zai zauna kusa da direba da wanda za a cusa baya tare da buhuna. Ya bar aikin, aikin bai bar shi ba. Ko dubiyar mara lafiya aka je sai ya tsara wa mutane zama. "Kai matsa can. Ke dawo nan. Mai ƙiba ya bi bango." In an yi magana ya ce duk duniya ba a haifi wanda ya fi shi sanin kujera ba.

Kullum yana kan bencin ƙofar shagon Wanzami, shi da Tela da Mai-Faci. In jirgi ya wuce ta sama sai ya karkata kunne ya ce, "Wannan bai cika ba. Ku ji ƙararsa." Bai taɓa shiga jirgi ba. Kowa ya sani. Ba mai faɗa, don in aka faɗa ranar ba mai tashi da wuri.

Sai ga Auta, 'yarsa ta ƙarshe da ke aikin jinya a wata ƙasa mai nisa, ta haihu. Ta aiko da tikiti biyu, na uwa da na uba, kuma ba na gama-gari ba. Na ɓangaren manya ne, wanda suke kira bizines, inda kujera ke miƙewa ta zama gado.

Matsalar ɗaya ce. Uwar Auta mace ce mai haƙuri, amma ba ta shiri da sama. Ko kan kujera ba ta hawa ta ɗauko abu a bisa kabad. In ta je asibiti, lifta tana buɗe ita tana bin matakala tana haki.

"Mama, ba kya son ganin jikanki?" in ji Auta a waya.

"Ina so mana. A kawo shi."

"Jaririn da ko wuya bai tsayar ba?"

Aka yi ta fama. Daga ƙarshe Uwar Auta ta ce, "To, zan hau. Amma da sharaɗi. Babanki yana gefena, hannuna cikin nasa, daga tashi har sauka. In na waiga ban gan shi ba, ko an rufe ƙofa sai an buɗe mini."

"An gama, Mama. Na zaɓa muku kujeru biyu na tsakiya, manne da juna. Ba su da yawa a jirgin, ma'aurata rububinsu suke yi. Baba, kana ji na? Kada ka taɓa."

"Me zan taɓa?" in ji Gidan-Gaba.

Washegari ya iso benci da sabuwar tafiya. Bai gama gaisawa ba ya fara. Jirgin ya fi layin nan tsawo. Kujerar kuwa da kanta take kwantar da mutum. Shi ma ba sabon abu ba ne a wurinsa, lodi ne, ko a ƙasa ko a sama.

"Taga aka ba ka ke nan," in ji Tela.

"Tsakiya."

Wanzami ya dakata da almakashi a hannu.

"Tsakiya?" in ji Tela. "Gidan-Gaba a tsakiya?"

Mai-Faci ya goge hannu da tsumma. "Ba kai ne ka koya mana ba? Ka ce tsakiya wurin mutum uku ne. Wanda ya zo a makare, da mai ɗauke da kaza, da wanda ba shi da baki."

"Wannan a mota ne."

"Yanzu ka ce lodi ɗaya ne."

"Ku bar shi," in ji Wanzami. "Yarinya ta yi tunani. Ta ga tsufa ya zo. Kada ya leƙa ƙasa jiri ya ɗebe shi."

Gidan-Gaba ya gyara hula ya miƙe. Bai zame ko'ina ba sai ofishin masu sayar da tikiti.

Wata mata mai gilashi ya tarar a bayan tebur. Ta juyo masa da kwamfuta ya ga zanen jirgin kamar kifin da aka tsaga. Ta nuna masa da biro. Kowane layi kujera huɗu ce. Ɗaya a tagar hagu, biyu a tsakiya, ɗaya a tagar dama, hanyoyi biyu sun ratsa. Na tsakiyar ma ba duka ɗaya ba. Wani layin biyun suna manne, layi na gaba kuma tebura sun shiga tsakaninsu.

"Naku masu mannen ne, Baba. Wanda ya zaɓa muku ya san abin da yake yi."

"Yarinya ce. Cire mu." Ya dangwala yatsa a gilashin kwamfutar. "Layin farko. Ni wannan tagar, ita waccan tagar. Gidan gaba, kowa da iskarsa."

"Tagar ba ta buɗuwa, Baba. Kuma jirgin nan faɗi gare shi. In ka zauna nan ita can, ko ganin juna ba za ku yi ba."

Ya jera yatsunsa a kan zanen. "Yatsa huɗu. Wannan ne faɗin?"

"Wannan zane ne."

"Baiwar Allah, tun ba ki san harafi ba nake zaunar da mutane. Motar da kamfani ya ce ta cika, ni na ƙara mata layi guda, kuma ba wanda ya taɓa faɗowa." Ya sosa gemu. "Sai ɗaya. Shi ma laifinsa ne."

"In na saki na tsakiyar nan, ba za su kwana ba."

"Sake su. Allah ya ba mai rabo."

Ta dube shi ta saman gilashi. Ta danna.

Da yamma ya shirya gwaji a tsakar gida. Ya jera kujerun roba huɗu ƙugu da ƙugu yadda ake yi a mota. Ya kira Tela da Mai-Faci ya dasa su a tsakiya, ya sa Uwar Auta a wancan gefe, shi ya zauna a wannan. Ya zura hannu ta bayan wuyansu ya kamo yatsunta.

"Kin gani? Hannu ya kai."

"Wuyana fa," in ji Tela.

Uwar Auta ta zare hannunta. "Malam, ba Auta ta ce kada ka taɓa ba?"

"Ban taɓa ba. Gyarawa na yi."

"To su wane ne waɗannan biyun da za su shiga tsakaninmu?"

"Bayin Allah ne. In kin ga sun dame ki, in ce su matsa. Wa ya taɓa ƙin matsawa in na ce ya matsa?"

"Bari dai in kira ta."

"Mai jego za ki tayar wa hankali a kan kujera? Ni ina raye?"

Ta yi shiru. Irin shirun da mai hankali ke jin tsoro. Shi kuwa ya ɗauka ta gamsu.

Ranar tafiya mutanen benci suka rako su har bakin mota. Wanzami ya kaɗa wayarsa ya ce, "In ka zauna, ka kira mu ta bidiyo mu ga tagar nan. Gani ya kori ji."

"Ku tara jama'a," in ji Gidan-Gaba.

A ƙofar jirgi wata ma'aikaciya ta karɓi katinsu tana murmushi. "Baba, kai ta nan. Mama, ke ki tsallaka ta gaban kicin ki bi ɗaya hanyar."

"Wace ɗaya hanyar?" in ji Uwar Auta.

"Je ki, je ki," in ji shi. "Zagaye ne kawai. Yanzu za mu haɗu."

Ya sami kujerarsa. Ba kujera ba ce, ɗan ɗaki ne. Ga bango har kafaɗa, ga tebur, ga talabijin, ga matashi da bargo, ga taga. Ya zauna ya ji kamar an ɗora shi a kan auduga. Da mutum ne mai tunani da ya fara neman matarsa. Shi waya ya zaro.

Fuskar Wanzami ta cika gilashin, bayansa shago maƙil da kawuna. Gidan-Gaba ya nuna musu taga, ya nuna talabijin, ya nuna ƙafarsa da ya miƙe ba ta taɓo komai ba. Shago ya ɗauki sowa.

"Lallai ka isa!" in ji Wanzami. "To ina Uwar Auta, mu yi mata sallama?"

"Ga ta nan gefena."

Ya juya wayar. Hanya. Bango. Kan wani dogon mutum. Wani bangon. Tumbin wani mutum. Wata hanyar. Can ƙarshen duniya, ɗan bakin ɗankwali ya leƙo yana waige-waige.

Ya miƙa hannu iya tsawonsa. Iska ya kamo.

"Malam!"

Muryar ta ratsa jirgin daga taga zuwa taga. Ya zabura ya cusa wayar a aljihun gaba. Bai kashe ba. Bai ma san inda ake kashewa ba, kullum wanda ya kira shi ke kashewa.

Kafin ya zagaya ta kicin ya iso, ta riga ta miƙe da jaka a hammata.

"Ni na sauka."

"Haba, Uwar Auta. Ki ba ni minti kaɗan. Lodi ne bai daidaita ba. Aikina ne."

Ya naɗe hannun riga. Ya tunkari Dogo, wanda ke tsakiya ta ɓangarensa yana danna kwamfuta.

"Ɗan samari, kana son taga?"

Dogo ya dubi tagar, ya dubi dattijon. Bai tsaya tambaya ba. Ya kwashi kayansa ya koma, har da godiya.

"Ɗaya ke nan," in ji Gidan-Gaba da ƙarfi don ta ji.

Saura Mai-Tumbi. Shi tuni ya tuɓe takalmi, ya ɗaure ido da baƙin ƙyalle, ya harɗe hannu a ciki. Gidan-Gaba ya taɓa kafaɗarsa.

"Maigida, a ɗan matsa."

Mai-Tumbi ya ɗaga ƙyallen da yatsa ɗaya. "In matsa ina?"

"Taga. Kyauta."

"Ba na son taga. Sanyi."

"Akwai bargo."

"Nan ma akwai." Ya saki ƙyallen.

Daga aljihun Gidan-Gaba wata murya ta fito tar, muryar Tela. "Wa ya taɓa ƙin matsawa in ya ce ya matsa?"

Mai-Tumbi ya sake ɗaga ƙyallen. "Aljihunka na magana."

"Rediyo ne."

Da ya duba da kyau ma, ko Mai-Tumbi ya tashi ba riba. Layin farko irin mai tebura a tsakani ne, ga kuma allo a tsaye. Sai dai su gaisa ta sama kamar maƙwabta ta katanga.

Bai karaya ba. Ya bi hanya yana leƙa ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, yana gogar masu shigowa da jakunkuna. A layin ƙarshe na ɓangaren, dab da labule, ya hango abin da yake nema. Kujeru biyu na tsakiya, wata mata a ɗaya, ɗayar ba kowa.

"Baiwar Allah, akwai taga a layin farko. Gidan gaba. Na ba ki."

Matar ta tashi tana gyara gyale, ba ta yi musu ba. Ya koma ya jawo Uwar Auta ya dasa ta a wurin, yana huci yana murmushi.

"Kin ga aiki? Ke nan, ni nan. An gama."

Ya juya zai zauna a ɗayar, sai ya ji an ce, "Gafara dai." Wani ƙato ne da sanda biyu, ƙafarsa ɗaya cikin farin siminti har gwiwa, ma'aikaciya na riƙe masa jaka. Ya nuna kati. Kujerarsa ce.

"Akwai ta gaba," in ji Gidan-Gaba. "Layin farko. Wurin manya."

Ƙaton ya dubi ƙafarsa, ya dubi hanyar da ya sha wuya ya ratso, ya dubi Gidan-Gaba. Ya zauna daɓas. Magana ta ƙare.

Yanzu miji yana layin farko, mata tana layin ƙarshe, taga biyu sun tafi.

"Gidan-Gaba," in ji aljihu, wannan karon Mai-Faci ne, "mu fa duhu muke gani. Ina tagar?"

"Ku yi mini shiru!"

Wata tsohuwa da ke kusa ta ɗauka da ita yake. Ta ce ita ba ta ce komai ba. Ya tsaya ba ta haƙuri, a nan idonsa ya sauka kan wurin zamanta. Ita da tsohon mijinta ne, a tsakiya, kafaɗa da kafaɗa, ba tebur ba allo, hannunta cikin nasa a kan bargo ɗaya. Gidan-Gaba ya rage murya ya koma lallashi.

"Yaya, don girman Allah. Matata tsoro take ji. Ku ba mu nan, ku ɗauki namu."

"Naku ina?"

"Ɗaya a gaba, ɗaya a baya."

Tsohon ya yi dariya har da tari. "Ɗan'uwa, tawa ma tsoron take ji. Mun daɗe muna neman irin waɗannan, aka ce duk an kama. Kwatsam shekaranjiya mai tikiti ta kira mu, ta ce wani wawa ya zo da ƙafarsa ya saki nasa, wai shi taga yake so. Kullum sai mun yi masa addu'a."

Aljihu ya fashe. Dariyar shago guda ta cika ɓangaren manya, ana jin wani yana dukan benci. Muryar Wanzami ta fi ta kowa.

"Baba tsoho! Ga wanda kuke wa addu'ar nan tsaye a gabanka! Shafa masa!"

Kawuna suka leƙo ta saman bangaye. Dogo ya rufe kwamfuta. Har Mai-Tumbi ya cire ƙyalle gaba ɗaya ya juyo.

Uwar Auta ta ji komai. Ta sake miƙewa da jaka.

"Tsaya!" Gidan-Gaba ya ruga wurinta. "Tsaya ki ga wani abu. Ba ki ma bukatar hannun kowa. Kujerar nan gado ce. Kina kwanciya sai dai a tashe ki a ce an iso. Kauce in nuna miki."

Ya faɗa kujerar. A gefe akwai maɓallai jere masu ƙananan zane. Bai san na farko ba, bai san na ƙarshe ba, sai ya haɗa su da tafin hannu ya danne.

Kujera ta yi gurnani. Baya ya tafi, ƙafa ta taso. Bakin rigarsa ya shige tsakanin ƙarfe, kujera ta ja ta tana ci kamar akuya. Hula ta fice ta gangara hanya. Sai kuma wani abu ya fara motsi a cikin katifar, yana dannar bayansa yana girgiza shi daga wuya har ƙugu. Na tausa ne. Shi bai sani ba.

Ya ga rufi a sama, ya ji ƙasa na rawa. Ya ƙanƙame bango ya kwarma ihu.

"Mun tashi! Wayyo mun tashi! A riƙe ni! Direba, a hankali!"

Ƙofar jirgi a buɗe take. Wani ma yana shigowa da jakar baya, ya tsaya yana kallo.

"Sun tashi?" in ji aljihu. "To ya aka yi waya ke kamawa?"

Ma'aikata biyu suka zo suka kashe tausar, suka tayar da kujerar, suka zaro rigar da ƙyar, ta fito da baƙin maiko da yaga har cinya. Ƙaton mai siminti ya miƙo masa hula a kan sanda. Da ya samu ya tsaya da ƙafafunsa, ya waiga, ba Uwar Auta.

Tana can bakin ƙofa. Shugabar ma'aikatan jirgin, wata mata mai furfura a goshi, ta tare ta da ladabi.

"Mama, yanzu za mu rufe. In kika sauka sai an nemo jakunkunanku a ƙasa, duk mutanen nan su jira."

"Su yi haƙuri. Na gaya wa 'yata, na gaya wa wannan." Ta nuna shi ba ta dube shi ba. "Hannuna cikin nasa, ko ƙafata a ƙasa."

Gidan-Gaba ya iso yana riƙe da yagaggiyar riga. A karon farko tun safe ba shi da tsari. Ya tuna hoton jaririn da take ta buɗewa a waya tana shafawa da yatsa. Ya tuna ƙananan rigunan da ta cika jaka da su. In ta taka matakalar nan ta sauka, ba Auta ba, ko hukuma ba ta sake hawar da ita.

"Ranki ya daɗe," ya ce wa Shugaba, murya ƙasa-ƙasa, "ba wasu biyu a haɗe? Ko ina ne."

"A nan babu. A baya, cikin gama-gari, sai in wasu sun yarda ku yi musanya."

"Baya?" Ya dafe ƙirji, ya ji waya a wurin. "Bayan labule?"

"Kai ni," in ji Uwar Auta.

Aka ɗaga labule. Shugaba a gaba, Uwar Auta a bayanta, Gidan-Gaba a ƙarshe yana jan ƙafa. Suka yi ta tafiya. Mutane jere kamar ashana a kwali, kowa ya ɗago yana kallon yagaggiyar riga. Can wajen fiffike Shugaba ta tsaya kan wasu mata da miji, matasa, kowa ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya. Da gani daga gida suka taho da rigimarsu.

Ta yi musu bayani. Kujeru biyu a ɓangaren manya, amma fa ba a haɗe ba. Ɗaya a layin farko, ɗaya a na ƙarshe.

"Nesa da shi?" in ji matar. Ta riga ta ɗauko jakarta. "Mama, Allah ya saka miki da alheri."

"Ni a ba ni ta ƙarshen," in ji mijin. "Ta yi gaba, dama ita ce shugaba."

Suka wuce, kowa ta hanyarsa.

Gidan-Gaba ya dubi abin da suka bari. Layi ne mai kujera huɗu a tsakiyar jirgi, nasu kuma su ne biyun ciki. Ta hagu wata mata da jariri mai kuka, ta dama wani mai barci da baki buɗe. Taga kuwa sai dai labari. Ya ratsa gwiwoyin mutane ya cusa kansa. Gwiwarsa ta daki kujerar gaba. Kafaɗarsa ta manne da ta matarsa, ko takarda ba ta shiga.

Uwar Auta ta sauke ajiyar zuciya. Ta gyara zama, ta ɗora hannu a kan nasa.

"Yauwa. Ka ga kujerun mutunci."

Shugaba ta sunkuyo. "Baba, a kashe waya."

Ya zaro ta ya miƙa mata. Fuskoki sun cika gilashin, wasu na share hawaye.

"Kafin ki kashe, ranki ya daɗe," in ji Tela, "wane layi aka ba shi?"

"Tsakiya," in ji Shugaba.

"Tsakiyar gefe, ko tsakiyar tsakiya?"

Ta duba. "Tsakiyar tsakiya."

"To a tambaye shi, cikin ukun nan wanne ne shi? Makara ya yi, ko kaza ya ɗauko, ko bakin ne babu?"

Ta kashe.

Jirgi ya ja baya, ya juya, ya tsaya kamar mai tunani. Sai ya yi ruri ya zabura. Da ƙasa ta saki tayoyi, Gidan-Gaba ya runtse ido, ya damƙi wuyan hannun matarsa da hannu biyu, bakinsa na karanto duk abin da ya sani da wanda ya manta.

Ita kuwa ta buɗe ido ɗaya, ta buɗe na biyu. Ta ga ba abin da ya faɗo. Ta ga mai barci bai ko motsa ba. Ta dubi mijinta, zufa na bin gemunsa.

"Malam, sassauta. Ina nan."

"Ke nake riƙewa."

"Na sani. Riƙe ni da kyau, kada ka faɗi."

Bai sassauta ba. Aka kawo abinci ta ci da hannu ɗaya, ta ci nasa. Ta yi hira da mai jariri, ta karɓi jaririn ta jijjiga shi a cinya har ya yi barci. Ta kalli fim ba ta jin yaren, ta yi dariya inda ake dariya. Duk lokacin da jirgi ya ɗan yi gargada, sai ta ji yatsu sun ƙara nutsewa, ta ce, "Rami ne, Malam. Hanyar ce ba kyau."

Da suka sauka, Auta na jiransu a wurin tarba, jariri a kafaɗa, mijinta a gefe. Aka rungume juna, aka yi kuka, aka yi dariya. Sai Auta ta ja baya ta dubi rigar ubanta, ta dubi yadda yake tafiya a tanƙware kamar lauje.

"Mama, ya gadon? Kin yi barci?"

"Gado dai ban gan shi ba. Amma hannu an riƙe." Ta ɗaga wuyan hannunta. Shatin yatsu ya kwanta a kai, baƙi ƙirin.

"Wa ya riƙe wa?"

"Tambayi masanin kujera."

Masanin kujera bai ji ba. Ya riga ya ja surukinsa gefe, ƙarfinsa ya dawo tunda ƙafa ta taka ƙasa. Yana gaya masa cewa tsakiyar jirgi nan ne ba ya girgiza, sai wanda ya san lodi ke zaɓarsa, shi da gangan ya koma can.

"Af, na tuna," ya ce. "Akwai na komawa. Buɗo mini zanen nan a wayarka in ɗan duba."

Suruki, mutum mai kunya, ya fara laluben aljihu.

Uwar Auta ta ɗauke jaririn daga kafaɗar Auta, ta taka har gabansa, ta ɗora masa shi a hannu biyu.

"Riƙe wannan," ta ce. "Kada ka sauke sai mun koma gida."